Me Ya Sa Tarin Fuka Ke Kwanciya a Jiki, Daga Baya Ya Tashi?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa daga Tudun Wada, Zariya, ya aiko da takarda yana tambaya: wai me ya sa mutum zai yi shekaru garau, rana ɗaya a ce tarin fuka ya kama shi, alhali bai zauna da mai tari ba kwanan nan?

To malam, mun gode da takardarka. Ƙwayar da ke kawo tarin fuka dai wani likita Bajamushe, Robert Koch, shi ya gano ta a 1882. Ta iska take shiga huhu. A cikin huhun nan akwai fararen ƙwayoyin jini, watau sojojin jiki, masu haɗiye baƙuwar ƙwaya su narkar da ita. To amma ita wannan tana fitar da wasu sinadarai da ake kira furotin, su hana narkarwar. Akwai ma ɗaya, ESAT-6, mai huda jakar da aka tsare ta a ciki. Ka ga ke nan wanda ya zo kama ɓarawo ya zama mai masaukinsa.

Da jiki ya ga haka, sai ya tara wasu sojojin su kewaye wurin kamar danga. Ƙwayar tana nan ciki da ranta, sai dai ba hanyar fita. A cikin mutum 100 masu ɗauke da ita haka, kamar 5 zuwa 10 ne ciwon ke tasar wa. In yunwa, ko ƙanjamau, ko ciwon suga, ko tsufa sun raunana jiki, dangar ta faɗi, tari ya tashi.

Saboda haka duk wanda tari ya yi masa mako biyu, ga zazzaɓi, ga gumin dare, ga rama, ya je a gwada kakinsa. A nan Zariya akwai cibiyar tarin fuka da kuturta a Saye. Magani kyauta ne, amma wata shida ake sha. Kada ka ajiye don tari ya lafa ko don aikin gona ya taso, gama ƙwayar da ta ɓuya sannu a hankali take mutuwa, kuma in ta farfaɗo tana iya ƙin jin magani.

Jarirai kuwa a kai su allurar BCG da an haife su. Ƙwayar da ke cikin allurar an raunana ta, ba ta da wancan furotin mai huda, tana kuma kare yara daga mummunan nau'in ciwon.

Allah ya ba mu lafiya, amin.