Raunin da Ba Ya Zubar da Jini



A 'yan shekarun nan jarrabawa ta bi jarrabawa a yankinmu na Madekali da Malanbil. A 2020 annobar korona ta sa aka rufe masallatai. A 2023, bayan juyin mulkin Nijar, aka toshe gadar Kogin Kwara da ta haɗa mu da Gaya, ciniki ya tsaya, zumunci ya koma bisa kwalekwale. Ranar 17 ga Afrilu 2025 kuma, 'yan bindiga suka kashe sojoji 54 a yankin dajin W.

Ana ƙidaya mamata da asarar dukiya, amma akwai raunin da ba ya shiga lissafi. Mun ga magidancin da barci ya ƙaurace masa, da uwar da ke zabura idan babur ya wuce da dare, da yaron da ya koma fitsarin kwance, da saurayin da ya fake da ƙwaya. Likitoci sun bayyana cewa firgici mai tsanani kan bar jiki cikin shirin gudu ko da haɗari ya wuce. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 1 cikin 5 a wuraren rikici na fama da irin wannan damuwa.

Kada mu gaggauta cewa aljanu ne ko raunin imani. Annabi Yakubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi kukan ɗansa har idanunsa suka yi fari, kuma haƙurinsa bai ragu ba.

Maganin farko yana cikin gida. A saurari mai damuwa ba tare da tsawa ko tilasta masa magana ba. A mai da shi gona, kasuwa da jam'i. Yara su koma makaranta, a kuma hana su kallon hotunan gawarwaki a waya. Mafi yawan mutane kan farfaɗo cikin makonni. Idan abin ya haura wata guda, ko mutum ya soma ambaton kashe kansa, a kai shi asibitin Malanbil ba da jinkiri ba. Addu'a da neman magani ba sa karo da juna.

Allah ya sanyaya zukatanmu, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Amin.