Abin da ke sa fure zubewa lokacin fari

Manoman tumatir da barkono a Paki da sauran yankunan Ikara, Makarfi da Kudan a jihar Kaduna sun san cewa da zarar ruwa ya ɗauke, fure ne ke fara zubewa.

Masana kimiyyar tsirrai sun ce dalilin yana cikin ganye, wanda ke da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani.

Ta nan iskar kabon ke shiga. Da ita, da ruwa, da hasken rana ne tsiro ke haɗa sukarin da yake rayuwa da shi.

Sai dai kuma ta ƙofofin ne fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da saiwa ta zuƙo ke ficewa.

Idan ƙasa ta bushe, tsiron kan rufe su domin tattalin ruwa. To amma iskar ma ta daina shiga ke nan, sai sukari ya ragu, ganye ya ɗau zafi, tsiron ya kasa ciyar da furensa, ya zubar.

Dawa da gero sun fi juriya, domin suna iya haɗa abinci ko da ƙofofin a tsuke suke.

Furannin ado ma kan zube, ko da yake bugenbiliya ƙishi kaɗan ne ke sa ta ƙara fure.