Turakun gada a cikin laka: mi ya sa tara ba su yin ƙarfin tara?

Idan damina ta yi nisa, Gulbin Maraɗi ya kawo ruwa daga wajen Jibiya, kowa ya tsaya kan gada zai ga yadda ruwa ke dukan ƙafafunta. Nauyin manyan motoci daga sama yake danna gada, amma ruwa da itacen da ya kwaso, da iska, da birkin mota, duk daga gefe suke tura ta. Wannan turin na gefe shi muke son mu duba yau.

A wurin da ƙasa laka ce, injiniyoyi kan kafa dogayen turaku na kankare ko na ƙarfe can cikin ƙasa, su haɗe kawunansu da kankare guda, sannan a ɗora ƙafar gada. Mai kiwo ya san yadda abin yake. Sa ya ja igiya, lakar da ke gaban turke ce ke tokare shi, kuma ta kusa da sama ce ke shan wahalar. Ya ja nan ya ja can, sai rami ya buɗe a gindin turken, ruwa ya shiga, laka ta yi taushi, turke ya fara girgiɗi. Laka ba ta zubowa ta cike ramin kamar yadda rairayi ke yi.

To, sai mutum ya ɗauka turke tara za su riƙe ninki tara na abin da guda ke riƙewa. Ina! Idan suna kusa da juna, na baya yana jingina ne da lakar da na gabansa ya riga ya motsa, ta daina tokarewa da ƙarfi. A birnin Houston na Amurka an gwada haka da turakun ƙarfe tara, layi uku-uku, cikin laka mai tauri, aka buga sakamakon a 1987. Layin gaba ne ya fi ɗaukar kaya, kuma gungun ya fi turke guda gocewa alhali nauyin da ke kan kowane ɗaya ne.

Shi ya sa a ƙa'idar gina gadoji ta Amurka, idan tazarar daga tsakiyar turke zuwa tsakiyar na kusa ta kai kaurinsa sau uku, layin gaba ake lissafa masa kashi 80 cikin 100 na tokarin ƙasa, na biyu 40, na uku 30 kawai. A buɗa tazarar zuwa sau biyar, sai lissafin ya koma 100 da 85 da 70. Amma buɗawar kuɗi ce, don kankaren da ke haɗe kawunan sai ya ƙara faɗi.

Abin da ya shafe mu a ƙauye shi ne lakar sama ɗin nan. Duk tsawon turke, mita kaɗan na farko ne ke riƙe turin gefe. Ruwa na zaizaye ta kowace shekara, mu kuma mukan ƙara da namu: rani ya yi, a je gindin gada da amalanke a ɗebi rairayi, ko a haƙi laka a buga tubali, don nan ne kusa da hanya. Duk ramin da aka bari, turke ya rasa abin jingina daidai inda ya fi buƙata. Wanda ya ga kan turaku ya fito fili ƙarƙashin gadar garinsu, ko ruwa ya yi gurbi a gindinta, ya gaya wa maigari ko magajin gari tun ruwa bai sauka ba.