Filin Jirgin Sama na Ambursa: Me Ya Sa Ake Ce Masa Na Ƙasa da Ƙasa?

A wannan makon Kulob ɗin 'Yan Jarida ya kawo muku bayani kan filin jirgin saman jiharmu.

Sunansa Filin Jirgin Sama na Sir Ahmadu Bello, sunan Sardaunan Sakkwato ke nan. Yana Ambursa, kusa da Birnin Kebbi. An gina shi a zamanin Gwamna Sa'idu Usman Nasamu Dakingari, wanda ya yi mulki daga 2007 zuwa 2015. Kafin nan, maniyyatan Jega da Aliero da Maiyama sai sun tafi Sakkwato su hau jirgi. Yanzu kuwa daga gida suke tashi. A watan Mayun 2024 ma, jirgin farko na alhazan Nijeriya gaba ɗaya daga nan ya tashi, kuma Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ne ya zo ya sallame su.

Girman gini kaɗai ba ya sa a kira fili na ƙasa da ƙasa. Sai an sami abubuwa kamar haka. Na ɗaya, dogon titi mai ƙarfi da babban jirgi zai sauka ya tashi a kansa. Na biyu, jami'an shige da fice masu duba fasfo da biza. Na uku, jami'an kwastam masu duba kaya. Na huɗu, ma'aikatan lafiya masu duba katin rigakafi, domin Saudiyya ba ta karɓar alhajin da ba a yi wa allurar sanƙarau ba. Sai kuma 'yan kwana-kwana, da hasumiyar da ake ba matuƙi izinin sauka da tashi.

To, me ya sa albasar Aliero har yau a tirela take zuwa Legas da Onica? Dalili shi ne jirgi yana karɓar kuɗi bisa nauyin kaya. Albasa tana da nauyi, kuɗinta kuma bai kai ya biya kuɗin jirgi ba. Kayan da jirgi ya fi dacewa da su su ne marasa nauyi, masu tsada, ko masu saurin lalacewa. Idan ana so amfanin gonarmu ya hau jirgi, sai an tanadi ɗakunan sanyi da wurin sarrafawa da ɗaurewa.

Aikin Hajji sau ɗaya ne a shekara, amma ma'aikata da gyaran titi kullum suna cin kuɗi. Fili mai fasinja da kaya shi ne ke riƙe kansa.

Mu ma akwai rabonmu a ciki. Da Turanci matuƙi ke magana da hasumiya, da lissafi ake auna mai da nauyin jirgi. Waɗannan darussa biyu suna cikin jadawalinmu na gobe.