Gurbin Kwalejin Tarayya a Kudancin Kaduna: Wa Ke Samu?

Kowace shekara hukumar NECO kan shirya jarrabawar shiga makarantun haɗin kai na gwamnatin tarayya, kuma a Kudancin Kaduna idon iyaye da yawa yana kan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kafanchan. Wanda ɗansa ya fi ƙwazo yakan ɗaga kai har makarantar masu hazaƙa ta Suleja. Rububin ƙaruwa yake yi, guraben kuwa ba su bi sawunsa ba.

Ƙishirwar boko ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Makarantun mishan na Kagoro da Kwoi da Zonkwa sun yaye malamai da ma'aikatan jinya da sojoji tun kafin gwamnati ta karɓe su a shekarun 1970. Kakan da ya ci moriyar wancan karatu ba zai yarda jikansa ya zauna a ajin da babu malamin lissafi ba. Da makarantun jiha suka ja baya, kuɗin makarantun masu zaman kansu kuma ya fi ƙarfin ma'aikaci, sai kwalejin tarayya ta zama mafaka: ga ɗakin gwaje-gwaje, ga wurin kwana, ga sauƙin kuɗi. Tsaro ma ya shigo cikin lissafin. Tun da aka sace ɗalibai fiye da 100 daga makarantar Bethel Baptist ta ƙaramar hukumar Chikun a Yulin 2021, iyaye suka fara gudun makarantar kwana da ke bakin daji, kowa na neman wadda ke kusa da gari.

A takarda rabon yana da kyau. Kashi 60 cikin 100 na guraben na masu cin maki ne, kashi 30 a raba daidai tsakanin jihohi, kashi 10 a bar wa larura. A jerin makin da aka fitar a 2013, ɗan Anambara sai ya kawo 139, ɗan Kaduna 91, yaro namiji daga Zamfara kuwa 4 kacal. An sha cacar baki a kan wannan tazara tsakanin Kudu da Arewa. Amma a ganina tazarar da ta fi cutarwa tana cikin jihar kanta. Tsarin ya ɗauki Kaduna a matsayin dunƙule ɗaya, don haka yarinyar da ta fito daga firamaren ƙauye a Kauru ko Sanga layi ɗaya take bi da ɗan unguwar Barnawa ta birnin Kaduna da ke da malamin lesin a gida.

Kuma mun san halin da firamaren gwamnati take ciki. A 2017 gwamnatin Nasir El-Rufai ta ba malamai jarrabawar aji huɗu, ta ce 21,780 daga cikin kimanin 33,000 sun faɗi. Ko mutum ya yarda da yadda aka kori waɗanda suka faɗi ko bai yarda ba, yaran da suka zauna a waɗannan azuzuwa ba laifinsu ba ne.

Saboda haka tankaɗen gaskiya ana yin sa ne tun kafin ranar jarrabawa. Leƙa wata makarantar kuɗi a Kafanchan da ƙarfe huɗu na yamma: an tashi tun tuni, amma 'yan aji biyar na nan zaune, kowa da littafin tsofaffin tambayoyi da ya sha ninki, malami na buga tebur suna rera amsa. Da yawa ba za su ga aji shida ba, domin iyaye na gaggawar a tura su tun suna shekara tara ko goma. Yaro ya haddace hanyar cika gurbi da fensir, amma a ce ya bayyana dalilin amsar sai ya yi zuru.

Kuɗin lesin da na rajista a shagon intanet, a gidaje da yawa na Kachia da Jaba daga buhun citta suke fitowa. Da cuta ta cinye cittar 2023, ba gona kaɗai ta taɓa ba. Abin da aka fara yankewa a irin waɗannan gidaje shi ne lesin. Kashi 30 ɗin da aka ware domin daidaito bai san da wannan ba, tunda a matakin jiha ya tsaya, bai gangaro ƙananan hukumomi ba.