Yadda wanda aka yanke wa wani sashe na ƙafa zai zaɓi takalmin nutso a teku

Ruwa ya fi iska kauri da kusan ninki 800. Shi ya sa mai nutso da tukunyar iska a baya, wato abin da ake kira skuba, ba ya tafiya da hannu. Ƙafa ce ke tura shi, ta hanyar takalmin roba mai dogon filafili a gaba. Tun da Bafaranshe Louis de Corlieu ya yi rajistar samfurinsa a 1933, ana ƙera wannan takalmi ne bisa zaton mai sa shi yana da cikakkiyar ƙafa, daga diddige zuwa yatsu. Wanda ciwon suga ko haɗarin mota ko nakiya ya raba da rabin ƙafarsa zai tarar da cewa ba da shi aka yi lissafin ba.

Matsalar ba ta ƙarancin ƙarfi ba ce, domin ƙarfin bugun ruwa daga ƙugu da cinya yake fitowa. Aikin ƙafa shi ne ta riƙe takalmin, ta miƙa masa wannan ƙarfi. Idan ta gajarta, sai aljihun takalmin ya zama da rami a gaba, filafilin ya riƙa lanƙwashewa inda bai kamata ba, dungun kuma ya riƙa gogar roba a kowane bugu.

Saboda haka tambayar farko ita ce: a ina aka yanke? Wanda ya rasa yatsa ɗaya ko biyu sau da yawa yakan iya amfani da takalmin kasuwa bayan ɗan ciko. Wanda aka yanke wa a tsakiyar dogayen ƙasusuwan tafin ƙafa yana da sauran abin da zai cika kusan rabin aljihu. Daga nan lamarin yake ƙara wuya. Akwai yankan Lisfranc, inda ake cire waɗannan ƙasusuwa gaba ɗaya, da yankan Chopart, wanda ba ya barin komai sai ƙashin diddige da wanda ke bisansa. Dukkan sunayen biyu na likitocin fiɗa ne na Faransa. A yankan Chopart, agara takan rinjayi jijiyoyin da ke ɗaga ƙafa, sai dungun ya karkata ƙasa. A kan tudu wannan naƙasu ne. A cikin ruwa kuwa kusan haka ake so ƙafa ta miƙe, sai dai babu abin da zai hana takalmin zamewa.

Takalman nutso iri biyu ne. Akwai rufaffe, wanda ake zura ƙafa tsirara kamar sau-ciki, akwai kuma mai buɗaɗɗen diddige, wanda ake sawa a kan takalmin ciki na robar niyofirin a ɗaure da maɗauri ta baya. Na farkon ya dogara ne ga tsawon ƙafa don ya zauna, don haka bai cika amfanar wanda ake magana a kansa ba. Na biyun ne ke ba da damar gyara, kuma gyaran a takalmin ciki ake yin sa. Ana so ya zama mai taurin ƙasa, mai tsawo har saman idon sawu, ta yadda tafinsa zai maye gurbin ƙashin da babu. Wasu masu haɗa gaɓoɓin roba kan ƙara siririn faranti mai tauri a ƙarƙashinsa, su cike gurbin yatsun.

A nan ne ake yawan yin kuskure. Cikon soso da ya zauna daram a shago ba lallai ya zauna haka a ƙasan teku ba. A zurfin mita 10 matsin da ke kan jiki ya ninka na sama sau biyu, a mita 30 kuma sau huɗu. Soso mai ƙwayoyin iska a ciki yana motsewa, ita ma niyofirin ɗin tana yin siriri. Takalmin da ya matse a bakin ruwa sai ya yi sako-sako a ƙasa. Cikon silikon mai cikakken jiki ba ya motsewa haka, maɗauri na sifirin ko na roba mai talewa kuma yana ƙara damƙewa da kansa yayin da komai ke raguwa. Idan dungun gajere ne ƙwarai, ƙarin maɗauri da ya zagaye idon sawu ya fi zama wajibi a kan zaɓi, domin takalmin da ya suɓuce cikin ruwa mai gudu ba ƙaramar barazana ba ce.

Sai a ƙarshe ake zuwa batun filafili, duk da cewa shi masu talla suka fi kwarzantawa. Mai tsawo da tauri yana ba da gudu, amma duk nauyin yana sauka ne a bakin dungun, daidai inda tabon ɗinki yake. Gajere mai laushi, ko mai tsaga a tsakiya, ya fi sauƙin bugu. Takalmin Force Fin na Amurka yana da aljihu mai buɗaɗɗen gaba, inda yatsu ba su da wani aiki sosai. Akwai kuma shinfin na Ostareliya, wanda a ƙwauri ake ɗaura shi, ƙafa ba ta shiga lissafi ko kaɗan. Kowanne yana da farashinsa: abin da ya sassauta wa dungu yakan rage ƙarfin tinkarar ruwa mai gudu.

Ba dole ba ne ƙafafun biyu su sa iri ɗaya. Amma idan ɗaya ta fi ɗaya turi sosai, mai nutson zai riƙa karkata gefe, ya ɓata ƙarfi wajen miƙewa, iskar tukunya ta ƙare da wuri. Mafita sau da yawa ita ce a sassauta takalmin lafiyayyar ƙafar, ko a ƙara da safar hannu mai fata a tsakanin yatsu irin ta ƙafar agwagwa.

Abin da ya fi komai haɗari shi ne fata. Ciwon suga na cikin manyan dalilan irin wannan yanka, kuma yakan kashe jijiyoyin ji. Mutum zai iya yin minti 40 roba tana cin dungunsa bai sani ba, fatar da ta jiƙe kuma ta fi saurin ƙujewa. Ƙaramin bororo a irin wannan ƙafa zai iya zama gyambon da zai kai ga sake yanka. Don haka ba a shiga ruwa da rauni ko ɗinkin da bai warke ba, mai ciwon suga kuma yana buƙatar amincewar likitan da ya san harkar nutso, saboda faɗuwar suga a ƙarƙashin ruwa na iya halaka shi.

Gwajin farko a tafkin ninkaya ake yin sa, na ɗan gajeren lokaci, sannan a cire komai a duba fatar da ido, har da madubi idan ta kama. Jan da bai gushe ba bayan ɗan hutu alama ce ta cewa cikon ko aljihun bai dace ba. Ƙungiyoyi irin su Handicapped Scuba Association, wadda aka kafa a Amurka a 1981, da Diveheart, wadda ta biyo baya a 2001, suna horar da malaman da suka ƙware a wannan aiki. Irin wannan malami zai sa ɗalibi ya gwada cire takalmin da mayar da shi a cikin ruwa, sannan ya yi iyo da guda ɗaya kawai, kafin a yi maganar fita teku.