Buhun da ba a kakkaɓe ba: yadda sirri ke zuba daga waya

Duk mai sayar da tattasai a kasuwar Diffa ya san buhun da ba a kakkaɓe ba, ragowar tsohon kaya na bin sabo. Haka ma'adanar waya take.

Wayoyin Android na aiki da wata uwar manhaja mai suna Linux. Duk saƙon da zai fita, sai ta ware masa gurbi a ma'adana. In ba a share gurbin ba, abin da ya saura ciki, ko da lambar sirri ce, yana iya bin saƙon ya fita.

A 2003 masana sun gano cewa na'urori da yawa, in saƙo bai kai bayit 46 ba, suna cike shi da irin wannan ragowa maimakon sifiri.

Yanzu akwai KMSAN, wadda injiniyoyin Google suka ƙera, ta shiga Linux a Disamba 2022. Takan yi wa kowane gurbin da ba a rubuta komai ba alama, in aka taɓa shi ta tona wurin, a gyara.

Gyaran kuwa ta sabuntawa yake isowa. To jama'a, in waya ta nemi sabuntawa, a daure a yi. Ƴan uwa na waje masu aiko da waya, a duba wadda har yanzu take samun sabuntawa.